Wasiƙa ga Matasan Jibia Kafin Su Fita Titi

'Ya'yana na Jibia da Magama,

Ba sai an faɗa muku halin da ake ciki ba. An rufe iyaka a Agustan 2019, aka hana kai fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga bakinta, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, cinikinmu da Ɗan Isa da Maraɗi ya durƙushe. Direba ya taso daga Katsina, kafin ya iso sai ya ba da na goro a shinge bayan shinge, kuɗin kuwa a kan mudun talaka yake ƙarewa. Ga 'yan bindiga a daji. Wanda ya ce kada ku yi fushi bai san Jibia ba.

Zanga-zangar lumana haƙƙinku ce. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da ita, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa taro ba sai da izinin 'yan sanda ba. Da wahala aka samo wannan. Tun da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, mabiyan Malam Aminu Kano suka riƙa shan bulala da ɗauri a hannun En'e. Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku, har kai aka aske mata. Babban makaminsu taro ne da waƙa da ƙuri'a.

Ku tuna Agustan 2024. Yunwa ce ta fito da jama'a, kuma jami'an tsaro sun harbe mutane, alhakin jinin na wuyansu. Amma da ɓata-gari suka wawashe kaya a Kano, wasu suka ɗaga tutar Rasha suna kiran soja, sai aka daina zancen farashin masara, aka koma zancen cin amanar ƙasa. A Nuwamba muka ga ƙananan yaran da aka kama a zanga-zangar suna sumewa a kotu a Abuja. Ba na son ganin ɗan Jibia a wannan layi.

Masu kiran soja su tambayi 'yan'uwanmu na Maraɗi. A Maris 2025 aka rushe dukkan jam'iyyun siyasa a Nijar. Wa za ka kai wa kuka in ba ka da ikon sauke shi?

Don haka kafin ku fita, ku riƙe hujja. Ku haɗa kai da ƙungiyar direbobi da 'yan kasuwa, a rubuta kowane shinge, da ranar, da abin da aka karɓa. Ku kai takardar ga shugaban ƙaramar hukuma, da wakilanku na majalisa, da hukumar ICPC, ku karanta ta a rediyo. Ranar fita, ku naɗa masu tsare layi daga cikinku, kada a zo da yara, duk wanda ya ɗauki dutse ku fitar da shi da kanku, a watse kafin magariba. Wanda bai da katin zaɓe ya yanka kafin 2027.

Allah Ya tsare mana ku.

Naku,
Wani dattijo daga Jibia