Macen da Take Zubar da Jini a Fara Ceto Ta Kafin a Tuhume Ta

Muhawara kan zubar da ciki ta daɗe tana gudana a Najeriya tsakanin malaman addini, lauyoyi da masu rajin kare haƙƙin mata, kuma babu alamar za a kammala ta nan kusa. Mu da muke aiki a sashen mata da haihuwa, abin da yake iso mana shi ne mace a kwance a ɗakin taimakon gaggawa, zaninta ya jiƙe da jini, 'yan uwanta suna tsaye suna tsoron tambayar da za a yi musu. Ko wane ɓangare mutum yake a wannan muhawara, akwai abu guda da ya kamata a haɗu a kai: babu dokar ƙasa, babu hukuncin addini da ya hana a yi wa wannan mace magani. Jinkirin da tsoro da tsangwama suke jawowa yana cin rayukan da za a iya ceta cikin sauƙi.

A fara da doka, tunda ita mutane suka fi tsoro. Dokar laifuka ta Penal Code da Arewa take aiki da ita tun 1960 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 14 ga wanda ya zubar wa mace ciki da gangan, sai fa idan an yi hakan da kyakkyawar niyyar ceton ranta. A Kudu ma Criminal Code ta tanadi shekara 14 ga mai zubarwa da shekara 7 ga macen, tare da togaciyar ceton rai. Duka biyun suna magana ne kan kawo ƙarshen cikin da yake zaune. Babu wadda ta haramta kula da macen da cikinta ya riga ya lalace, ko da wane dalili ya lalace. Hasali ma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa, ta kuma sanya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya ƙi. Dokar ta kuma wajabta riƙe sirrin majinyaci. Saboda haka ma'aikacin da ya mayar da mace mai zubar da jini gida don gudun shiga rigima, shi ne ya karya doka.

Ta fuskar addini, gaskiya ne mazhabar Malikiyya da muke bi a ƙasar Hausa ta fi sauran tsanantawa. Sanannen ra'ayinta shi ne ba a taɓa ciki tun daga lokacin da ya zauna a mahaifa, ko da bai kai kwana 40 ba, alhali malamai da dama na Hanafiyya sun sassauta kafin kwana 120 idan akwai uzuri. Bayan busa rai kuwa an haɗu kan haramci, sai idan rayuwar uwa tana cikin haɗari tabbatacce, kuma wannan ne matsayin da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta ɗauka a Makka a 1990. Cocin Katolika ma, duk da tsananin matsayinta, ta yarda a cire bututun da ciki ya maƙale a cikinsa a wajen mahaifa don ceton uwa. Wannan saɓani duka a kan ɗan tayi mai rai yake. Idan ciki ya riga ya zube, ran da ya rage guda ɗaya ne, wato na uwar, kuma kiyaye rai yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin karewa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, daga cikin kowane ciki 10 da mace ta san tana ɗauke da shi, ɗaya zuwa biyu yana ƙarewa da ɓari ba tare da kowa ya taɓa shi ba. A mafi yawan lokuta likita ba zai iya bambance ɓarin da Allah ya kawo da wanda aka jawo da ƙwayoyi ba, domin alamominsu ɗaya ne: ciwon mara, gudajin jini, bakin mahaifa a buɗe. Haɗarin ma ɗaya ne. Idan ragowar ciki ta zauna a mahaifa, jini ba ya tsayawa, ƙwayoyin cuta kuma suna samun wurin zama. Kwana biyu ko uku sai zazzaɓi ya tashi, ruwa mai wari ya fara fita, tafin hannu da cikin ido su yi fari fat, zuciya ta riƙa bugawa da sauri yayin da ƙarfin jini yake sauka. Daga nan ƙoda na iya tsayawa. Maganin da zai hana wannan duka ba shi da wahala idan an zo da wuri: wankin ciki da sirinji na hannu wanda ba ya wuce 'yan mintoci, ko magani a ƙarƙashin kulawar ma'aikaci, sai maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ƙarin jini idan ya kama. Duk lokacin da aka sa mace ta ji cewa zuwa asibiti da jini tonon asiri ne, an jefa matar aure mai 'ya'ya biyar da ta yi ɓari cikin haɗari ɗaya da budurwar da ta sha ƙwayoyin kemis.

Girman matsalar ba abin rainawa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya a 2020 saboda ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya. Binciken da Cibiyar Guttmacher ta yi tare da Jami'ar Ibadan ya ƙiyasta cewa an zubar da ciki kusan miliyan 1.25 a ƙasar a 2012. Mata kusan 212,000 sun sami magani bayan matsala ta taso, wasu kusan 285,000 kuma sun shiga mummunan hali ba su sami kulawar da suke buƙata ba. Wato waɗanda suka sha wahala a ɓoye sun fi waɗanda suka isa hannun likita yawa.

Wani zai ce sauƙaƙa magani tamkar buɗe ƙofar ɓarna ne, domin idan yarinya ta san za a cece ta ba za ta ji tsoro ba. Damuwar tana da tushe, tarbiyya kuwa haƙƙi ce a kan kowa. Amma tsoron mutuwa da tsoron ɗauri suna nan shekara da shekaru, alƙaluman da muka gani kuma sun nuna ba su hana aikin ba, sun dai tura shi bayan gida da ɗakunan likitocin bogi. Ba ma barin direban da ya yi gudun wuce sa'a ya mutu a bakin titi don ya zama izina ga sauran direbobi. Wani kuma zai ce wannan hanya ce ta halatta zubar da ciki ta bayan fage. Amsar ita ce taron Alƙahira na 1994 kan yawan jama'a, wanda ya bar wa kowace ƙasa ikon tsara dokarta kan zubar da ciki, shi ne kuma ya amince cewa a kowane hali mace ta sami magani idan matsala ta biyo baya. Ma'aikacin da imaninsa ya hana shi zubar da ciki bai saɓa wa imaninsa ba idan ya tsayar da jini. Idan akwai laifi, yana da kotu, idan akwai zunubi, yana da tuba, mamaciya kuwa ba ta iya tuba.

Saboda haka ina kira ga abokan aiki da mu daina tarbar mace mai jini da tambayar ina mijinki kafin mu auna ta, mu kuma yi tambayoyinmu cikin sirri da ladabi domin gaskiyar da za ta faɗa ita za ta taimaka mana wajen magani. Malamai da limamai, ku bayyana wa jama'a a wa'azi cewa wankin ciki bayan ɓari magani ne halattacce. Iyaye da mazaje, idan mai ciki ta ga jini, ko ciwon mara mai tsanani, ko zazzaɓi da jiri bayan ɓari, ku kai ta asibiti a wannan rana, kada ku jira gari ya waye ko a gama jiƙe-jiƙe. Duk tambayar da kuke da ita, ku bari sai jini ya tsaya.