Yadda Ake Ƙiyasta Ruwan Saman da Za a Iya Tarawa a Kaugama

Ƙaramar hukumar Kaugama, da ke masarautar Haɗejiya a Jihar Jigawa, tana samun yawancin ruwan samanta daga Yuni zuwa Satumba, kuma abin da ke sauka a matsakaiciyar shekara bai yi nisa da milimita 600 ba, don haka mai niyyar gina tanki ko haƙa tafki yana buƙatar lissafi tun kafin ya sayi siminti.

Da farko ana auna wurin da ruwan zai sauka. Idan rufin kwano ne, sai a ninka tsawon filin da ya rufe da faɗinsa, a ƙasa, ba a bi gangarensa ba, a samu murabba'in mita. Daga nan sai a nemi adadin ruwan shekara a hukumar hasashen yanayi ta NiMet, ko a kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a sarari, ana auna zurfin ruwan da ya tara bayan kowane ruwa. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ya fi dacewa a ɗauki adadin shekarar da damina ta yi rauni, domin yankin da ya ga farin 1973 da na 1984 bai kamata ya dogara da shekarar albarka ba.

Mataki na uku shi ne kason gangara, wato rabon ruwan da ke gudana maimakon ya nutse ko ya bi iska, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Kwano yana sakin kusan kashi 80 cikin 100, laka ta fadamar kogin Haɗejiya tana sakin kaso mai tsoka da zarar ta ƙoshi, amma rairayin jigawa yakan shanye kusan duka, sai in an yi mamako.

Sai a ninka ukun: rufi mai murabba'in mita 80, da ruwa milimita 500, da kashi 80 cikin 100, suna ba da lita 32,000, wato duro 160 masu cin lita 200.

A ƙarshe ana cire ruwan farko da ake zubarwa don ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye. A buɗaɗɗen tafki kuwa sai an ƙara cire abin da ƙasa ke tsotsewa da wanda hunturu da zafin bazara ke ƙafarwa, shi ya sa ake fifita rami mai zurfi da ƙaramin baki a kan mai faɗi.