Ciwon Dajin Ciki da Gudajin Jini a Ƙafa

Wata mai sauraro daga unguwar Nima a Accra ta aiko da tambaya: mahaifinta na jinyar ciwon dajin ciki, sai ga ƙafarsa ta hagu ta kumbura, sha-raɓa ta yi zafi. Me ya haɗa ciki da ƙafa?

Alaƙar ta daɗe da sanuwa. A 1865 wani likitan Faransa, Armand Trousseau, ya bayyana cewa daji kan sa jini ya daskare a jijiya. Abin tausayi, daga baya ya ga alamar a jikinsa, kuma dajin ya yi ajalinsa a 1867. Ƙarin da ke tumbi yana sakin sinadaran da ke sa jini yin gudaji. Tiyata, maganin daji da doguwar kwanciya suna ƙara haɗarin. Idan gudajin ya ɓalle ya kai huhu, numfashi kan sarƙe nan take.

Kada a matsa ƙafar, kada a sayo asfirin a kemis, domin ƙarin tumbi yana zubar da jini. Hajiya, a garzaya da Baba asibitin Korle Bu yau ɗin nan, likita ya duba. Allah ya ba shi lafiya.