Karatu na 24: Marini da kasuwa

Yara, in kun shiga kasuwar Dogondutsi ko ta Tibiri, ku tsaya gun masu tufafi. Za ku ga atamfa da shadda jibge. Ku nemi baƙin zane irin na kakanninmu, wanda aka saƙa da hannu, aka rina da baba. Da wuya ku same shi. Ina ya tafi?

Rini tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Marini yana zuba ruwa da toka da shuni cikin karofi, ya bar su kwanaki har su nuna. Sa'an nan ya tsoma zane, ya fid da shi ya sha iska, ya sake tsomawa. Zanen yana fitowa kore-kore, iska ce ke mai da shi shuɗi. Yawan tsomawa ke kawo baƙi. Daga nan sai mabugi ya buge shi har ya yi walƙiya. Aikin yana son ido da haƙuri.

Kasuwa ce ta ɗaukaka wannan sana'a. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka Kano. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. A garin Kura, kusa da Kano, ana yin turkuɗi da rawani ɗan Kura. Buzaye suna son rawanin nan ƙwarai, suna biyan shi da tsada. Saboda masu saye sun san abu mai kyau, marina suka dage, hannunsu ya ƙware.

Kasuwar nan kuma ita ta juya masu baya. A 1897 wani kamfanin Jamus mai suna BASF ya fara sayar da shunin da aka haɗa cikin masana'anta. Ga shi da sauri, ga araha. Atamfar inji ita ma ta cika kasuwanni. Mai saye ya duba aljihunsa, ya ɗauki mai sauƙin kuɗi. Karofi da yawa suka bushe. A marinar Ƙofar Mata ta Kano har yanzu ana rini, amma ramuka da dama ba mai taɓa su.

To, marini ya shiga tsaka mai wuya. In ya tsoma zane sau da yawa kamar yadda ubansa ya koya masa, zanen ya yi tsada, ya kwana a rumfa. In ya gaggauta, ya samu na hatsi yau, amma zanen ya koɗe, sunansa ya ɓaci. Wasu sun sami hanya: sun riƙe baba na gaske, suna ɗaure zane su fid da sababbin ado da baƙi ke so.

Ku ma wata rana za ku riƙe kuɗi ku shiga kasuwa. Abin da kuka saya, shi mai sana'a zai ƙara yi.

Ma'anar kalmomi
Karofi: ramin rini.
Shuni: abin rini da ake samu daga ganyen baba.

Tambayoyi
1. Me ke mai da zane shuɗi?
2. Su wa ke sayen rawani ɗan Kura?
3. Me ya faru a 1897?
4. In kai ne marini, wace hanya za ka bi? Don me?

Aiki
Tambayi kakarka ko tana da tsohon baƙin zane. A wace kasuwa aka saye shi?