Kayan Bushe-bushe: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Sayi Algaita

Ni mutumin Gashuwa ne, harshen Bade na buɗi baki da shi, Hausa kuwa a kasuwa da makaranta na tsince ta. Da aka ba mu aikin jinga a kan kayan kiɗan gargajiya sai na zaɓi bushe-bushe, domin tun ina yaro nake bin masu algaita ranar hawan salla. Na kuma ƙudura cewa sai na mallaki tawa. Wannan ɗan bayani sakamakon abin da na koya ne, bayan na yi asarar kusan rabin kuɗin guzurina na zangon karatu.

Bahaushe ya tara duk abin da ake sa wa iska da baki a ƙarƙashin aikatau guda, wato "busa". Daga nan aka samu mabushi da mabusa da sarautar Sarkin Busa. Turawa kuwa sun ware wani rukuni da suke kira kayan busa na itace, kuma sunan yana da ruɗarwa. Saksafon, wanda Adolphe Sax ɗan Beljiyam ya yi wa rajista a 1846, da tagulla ake ƙera shi, amma yana cikin rukunin. Farai ɗinmu na itace ne, amma ba ya ciki. Ashe ke nan ba jikin abin ake dubawa ba, inda sauti ke tasowa ake dubawa. A kan wannan ma'auni ne Hornbostel da Sachs suka rarraba kayan busa a tsarin da suka fitar a 1914.

Idan muka ɗora namu a kan ma'aunin, sarewa iska ce kawai ke bugun gefen bakinta ta tsage, sauti ya fito. Tilɓoro, wanda samari ke yi da karan dawa lokacin kaka, ɗan harshe guda ake fere masa a jikin karan, shi ke karkarwa, kamar na kilarinet. Algaita harshe biyu gare ta masu bugun juna, 'yar uwar obo ke nan. Kakaki da farai kuwa leɓɓan mabushi ne ke karkarwa, saboda haka dangin begila ne. Maganar sayen kakaki ma ba ta taso ba, don ba a busa shi sai ga sarki. (A lura da yadda kalmar ta yi ƙaura zuwa siyasa, har muna cewa kakakin majalisa.)

Kalmar algaita ararriya ce daga Larabcin Magrib, "al-gaita", ta shigo da "al" ɗinta kamar alƙali da albasa. Barebari suna cewa alita, kuma a ƙasarmu, daga Nguru ta Mangawa har fadar Mai Bade, ba ta rabuwa da ganga. Wanda ke son sunayen kayan kiɗa daki-daki sai ya nemi ƙamus ɗin da Ames da King suka wallafa a 1971.

To, yadda na yi asarar. Na je Nguru wajen kawuna, sai na ga wata algaita rataye a rumfar wani mai kayan fata. An lulluɓe ta da jar fata, an yi mata tunta da zane, ga ƙyalli. Ban ko taya sau biyu ba na biya. Da na koma Gashuwa na busa, na busa, har idona ya yi ja, ban ji komai ba sai huci. Daga ƙarshe aka haɗa ni da wani dattijo da ya gaji busa kaka da kakanni. Ya juya ta, ya toshe ramukan da yatsu, ya danne ƙasan da cinyarsa, ya hura. Muna ji iska na tsiyaya ta ƙarƙashin fatar.

Ya ce, "Ɗana, wannan ta bango ce, ba ta baki ba."

Na ce, "Baba, ba ta gyaruwa?"

Ya yi dariya ya ce kuɗin gyaran sai ya fi na sabuwa.

Shi ya nuna mini abin da ake dubawa, kuma daga sama ake farowa. Harshen ɗan guntun karan ciyawa ne da aka matse bakinsa, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma shi ne ran algaita. Sai an jiƙa shi ya yi laushi kafin ya yi magana, kuma yakan mutu da wuri, don haka mabushi ba ya yawo da guda ɗaya. Duk mai sayarwar da ba zai iya haɗa ka da harshe ko ya koya maka yankansa ba, itace kawai ya sayar maka. Ƙarƙashin harshen akwai siririn bututun ƙarfe, da ɗan faifai inda leɓɓa ke tokarewa, domin harshen gaba ɗaya cikin baki yake shiga, ba a cizonsa. Bututun ya zauna daram a cikin itacen. Idan yana lilo, sauti ma zai yi lilo. Sai jikin, mai ramuka huɗu galibi, wanda cikinsa ke ƙara faɗi har zuwa ƙasa. A ɗaga shi a rana a leƙa, a ga ko ƙwaro ya ci. Fata tana da amfani, don tana riƙe mahaɗai, amma tana ɓoye tsaga, kuma hunturun ƙasarmu ba ya raga wa itacen da bai bushe sosai ba. A nawa ra'ayin, tsohuwar algaita da ta ga hunturu da dama a hannun mabushi ta fi sabuwa mai ƙyalli nesa ba kusa ba.

Ko an dace da mai kyau, saura numfashi. Mai algaita ba ya yanke busa: yana tara iska a kumatu yana turawa, a daidai lokacin yana shaƙar wata ta hanci. Dattijon ya ba ni tsinken kara mai rami da kofin ruwa, ya ce in hura kada kumfar ta tsaya. Na yi mako uku ina shan ruwa ta hanci.

Shi ya sa idan ɗalibi ya tambaye ni, nakan ce ya fara da sarewa. Ba ta da tsada, ba ta buƙatar harshe, kuma maƙwabta a ɗakin kwana ba za su kai ƙararsa ba. Kada kuma a raina ta: Yusef Lateef, shahararren mabushin jaz na Amurka, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985, kuma sarewar Fulani na cikin abin da ya nazarta.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya warwarewa. Busa sana'ar gado ce, ana lissafa mabusa cikin maroƙa, kuma mahaifina bai ji daɗin ganin algaita a ɗakina ba, sai da na rantse masa cewa aikin makaranta ne. Dattijon ma bai sayar mini da tasa ba. Aro ya ba ni wata tsohuwa ta ƙanensa, da sharaɗin in mayar kafin babbar salla, kuma kada in kuskura in busa ta kusa da fada.