DARASI: HAƊA NA'URAR BIRKIN ƘARAMAR TIRELA DA WAYOYIN A-KORI-KURA

Da yawa cikinmu yanzu suna ɗaura ƙaramar tirela, wadda wasu ke kira remok, a bayan a-kori-kura don kai shanu kaɗan kasuwannin iyaka irin su Jibiya, Illela da Maigatari. Mu ma haka muke yi, har ranar da muka taso da bijimai huɗu. A wani gangare direba ya taka birki, tirela ta turo motar, muka faɗa kwari. Bijimi guda ya karye, muka yanka shi a bakin hanya, mahauta suka saya yadda suka ga dama. Ashe birkin tirelar lafiya lau yake, na'urar da ke ba shi wuta ce ba a haɗa ba.

Da farko a duba irin birkin. Yawancin tirelolin da ke zuwa daga Turai birkinsu yana kamawa da kansa idan tirela ta turo mota, ba ruwansu da wannan na'ura. Masu birkin lantarki, irin na Amurka, su ne darasinmu. A kuma tabbata wutar motar bolt 12 ce, don wasu tsofaffin Land Cruiser masu gas 24 ne, kuma 24 tana ƙona na'urar.

Kafin a taɓa komai a cire kan batir na mainas. Wayoyi huɗu ne ke fitowa daga na'urar:

1. Baƙa: ita ce mai kawo wuta. A kai ta kan batir na fulos kai tsaye, a sa mata makatsar wuta mai mayar da kanta kusa da batir. Amfiya 20 ta isa tirela mai taya huɗu, mai taya shida kuwa 30.

2. Fara: a kai ta kan batir na mainas. Kada a ɗaure ta a wani ƙarfe mai tsatsa a ƙarƙashin sitiyari. In aka juya baƙa da fara, na'urar ta mutu kenan.

3. Ja: tana zuwa makunnin fitilar birki da ke saman feda. Nan ne masu gyara suka fi kuskure. A maida kan batir, a ɗauki fitilar gwaji, a nemi wayar da ba ta kawo wuta sai an taka birki. Ita za a kama. Wadda ke da wuta kullum, in aka kama ta, birkin tirela zai riƙe ba saki. Sababbin motoci masu kwamfuta kuwa kada a yanke musu waya, a nemi soket ɗin da aka tanada.

4. Shuɗiya: ita ke kai wuta baya zuwa soket na tirela, daga nan zuwa maganaɗisun da ke cikin tayoyi. Kowane guda yana jan wajen amfiya 3, huɗu sun kai 12. Saboda haka kada mai gyara ya sa siririyar wayar rediyo don araha. Baƙa, fara da shuɗiya duk su zama masu kauri, a sa su cikin tiyo, nesa da salansa.

Bayan an gama, a fita hanya busasshiya marar cunkoso, a yi gudun kilomita 40, a ja hannun na'urar. In tayoyin tirela suka kafe suna jan ƙasa, a rage ƙarfi kaɗan. In ba a ji ta riƙe ba, a ƙara. Wannan saiti ba na dindindin ba ne: na tirela fanko daban, na mai shanu daban. Dabba ba buhun gero ba ce, tana motsi, kuma birki mai fizga yana kayar da ita sauran su tattake ta.

A ƙarshe, a duba ɗan batirin da ke kan tirela, wanda ke kama birki in ta tsinke daga mota. Kowace safiyar tafiya, yaron mota ya tsaya kusa da taya, direba ya ja hannun na'urar. In bai ji ƙugin maganaɗisu ba, kada a loda ko saniya guda sai an gyara.

Allah ya kai mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.