Shawara Ga Sabon Alƙalin Wasan Ƙwallon Ƙafa

Kowace yamma in rana ta yi sanyi, filayen makarantu da na unguwanni a Kawo, Malali, Badarawa da Unguwar Rimi sukan cika da 'yan ƙwallo. A garin nan na Kaduna aka haifi Daniel Amokachi, Tijani Babangida, Garba Lawal da Celestine Babayaro, waɗanda suna cikin waɗanda suka ciyo wa Nijeriya zinariya a Atlanta a 1996. Amma masu son buga ƙwallo sun fi masu son riƙe usur yawa. Saboda haka muke so mu yi magana da ɗalibanmu, maza da mata, waɗanda aka soma ba su alƙalancin wasa.

A filin wasa na Ahmadu Bello, inda aka buga wasannin cin kofin duniya na matasa a 1999 da 2009, alƙali yana da mataimaka, da shinge, da 'yan sanda. A filin unguwa kuwa 'yan kallo a bakin layi suke tsaye. Garkuwarku a can ita ce sanin doka da riƙon gaskiya.

Na farko, ku san doka. Dokokin ƙwallo guda 17 ne, hukumar IFAB da aka kafa a 1886 ce take kula da su, tana kuma yi musu gyara. Tun 1992 aka hana mai tsaron gida kama ƙwallon da ɗan wasansu ya miƙa masa da ƙafa da gangan. Daga 2025 kuma, in ya riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa 8, sai a ba abokan karawa bugun kwana. 'Yan wasanku suna ganin waɗannan abubuwa a gidajen kallon ƙwallo. In suka gane sun fi ku sani, raini ya shiga.

Na biyu, ku riga kowa zuwa fili. Ku zaga, ku kwashe duwatsu da fasassun kwalabe, ku girgiza turakun raga ku ga ko suna da ƙarfi. A cire zobe da sarƙa da agogo. Ku kira kyaftin biyu a gaban masu shirya wasan, a daidaita a kan tsawon lokaci, da yawan canji, da abin da za a yi in an tashi kunnen doki. Ba a wasa da ƙungiyar da 'yan wasanta ba su kai 7 ba. Yawancin gardamar ƙarshen wasa abin da aka ƙi faɗa tun farko ne.

Na uku, ku auna wa kowa da mudu ɗaya. Wannan shi ne babban darasi. A filayenmu yara masu harshe da addini dabam dabam suke haɗuwa, mun kuma san yadda ƙaramar magana takan girma a garin nan. Laifin da kuka hura wa wannan gefe, lalle ku hura wa wancan. In ƙungiyar unguwarku ce ko ta ɗan'uwanku za ta buga, ku roƙi a ba wani usur. Kada ku karɓi kyauta daga mai ƙungiya, ko da ta ruwan sha ce, gama in baki ya ci, ido ya ji kunya. In kun yi kuskure, doka ta yarda ku sāke hukunci muddin ba a ci gaba da wasa ba. In an riga an ci gaba, ya wuce. Kada ku ba ɗaya gefen fenariti na ƙarya don ku biya bashi, kuskure ya zama biyu ke nan.

Na huɗu, ku bi ƙwallo da gudu, domin hukuncin da aka yanke daga nesa ba ya samun mai gaskatawa. Ku hura usur da ƙarfi, ku nuna da hannu, ku taƙaita magana. A bugun tazara ku auna mita 9.15, wato wajen taku goma. Wani alƙali ɗan Ingila, Ken Aston, shi ya kawo dabarar katin gargaɗi da jan kati daga fitilar ba da hannu ta kan titi, aka kuma shigo da su a gasar kofin duniya ta 1970 a Meziko, domin kowa ya fahimci hukunci ba tare da surutu ba. Kada a ɗaga kati cikin fushi, kada kuma tsoro ya hana ɗaga shi.

Na biyar, rai ya fi wasa. In yaro ya bugu a kai, ku tsai da wasa nan take, kada ya koma fili ran nan. Da damina, in an soma walƙiya da tsawa, kowa ya fita. In 'yan kallo suka cika fili, doka ta 5 ta ba ku ikon dakatar da wasan ko ku tashe shi ɗungum. Kada ku rama zagi. Ku rubuta abin da ya faru, ku miƙa wa masu shirya gasar.

A ƙarshe muna ba ku shawara ku nemi alƙalai masu rajista a jihar nan, ku shiga horonsu, ku riƙa tambayarsu. Ba za ku gamshi kowa ba, amma in waɗanda aka cinye suka sāke neman ku a wasa na gaba, kun yi aikinku. Allah ya ba ku hikima da ƙarfin hali.